Abin Da Na Maƙala A Imel Ɗin Oga Emeka

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Daura sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙare su da komai ba. Ku matasa nake so ku saurare ni, musamman waɗanda Allah ya ba ku basirar waya da kwamfuta, har manya suna miƙo muku nasu suna cewa ku duba musu.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye ta hanyar Zango, gero da gyaɗa yake nomawa. Bayan rasuwarsa muka dawo cikin gari ni da Inna. Na gama sakandare, na koyi kwamfuta, sannan na samu aiki a shagon Malam Lawal kusa da tasha. Dattijo ne mai farin gemu, tsohon malamin firamare, da kuɗin sallamarsa ya buɗe shagon. Muna buga takardu, muna yin hoton fasfo, muna tura wa mutane saƙo ta imel. A lokacin ko allura ban taɓa ɗauka ba. Idan mutum ya manta canjinsa, har bakin titi nake bin sa.

Abin da ya fi wahalar da mu a shagon shi ne nauyin abin da ake maƙalawa a imel. Mutum zai zo da takardun makarantarsa yana neman aiki, mu ɗauki hotonsu, mu maƙala, sai na'ura ta ce sun yi girma. Imel yana da iyakar abin da yake ɗauka, wajen megabait ashirin da biyar, shafukan neman aiki kuwa abin da suke karɓa bai kai ko kusa da haka ba. Masu dabbobi sun fi kowa shan wuya, domin su bidiyon bajimai suke son tura wa masu saye a kudu.

Na tuna wani falke daga wajen Kongolam. Na yi masa bayani har na gaji, ya dube ni ya ce, "Yaro, ko a tasha idan kaya sun yi yawa ana ƙara wa direba wani abu ya ɗauka. Ƙara masa mana."

Na ce, "Alhaji, wannan ba ya karɓar ƙari."

Ya ce, "To wane irin direba ne wannan?"

A hankali na koyi dabarun. Na iya rage girman hoto ba tare da rubutun ya dushe ba, na iya raba takardu gida biyu, na iya ajiye bidiyo a ma'ajiyar intanet in tura hanyar shiga kawai. Abu ne na mintuna kaɗan, amma mutane suna kallona kamar na yi wani abin al'ajabi. A nan na fara karkacewa. Sai na ƙirƙiro abin da na kira kuɗin nauyi. Duk wanda takardarsa ta ƙi wucewa sai in ce masa akwai ƙarin caji, in zuba a aljihuna, Malam Lawal bai sani ba. Na gaya wa kaina ladan basirata ne.

Abu na biyu ya zo ne ta hanyar taimako. Idan layi ya yi tsawo kuma sabis ya ƙi, sai in ce wa mutum, "Bar mini kalmar sirrinka ka tafi, da sabis ya dawo zan tura." Suna bari, har da godiya. Ina turawa kamar yadda na yi alkawari. Amma bayan sun tafi sai in riƙa shiga ina karanta saƙonninsu. Ban ɗauki komai ba, kallo kawai nake yi. Na san wanda aka kora daga aiki yana ɓoye wa iyalinsa, na san wanda yake neman gurbin karatu a waje. Idan na gamu da su a masallaci sai in ji wani irin nauyi, amma washegari in sake shiga.

Ana nan sai wani mutum ya fara zuwa shagon. Ya ce sunansa Bala. Wata rana ya ce daga Kano yake, wata rana ya ce kasuwancinsa a tsallaken iyaka yake. Yana zuwa da kwamfutarsa ta hannu, ya biya kuɗin zama, ya sayo mana lemo. Ba ya yawan magana, amma idonsa yana kan allona. Wata ranar Juma'a da Malam Lawal ya riga ni tafiya masallaci, sai ya matso ya ce, "Wannan imel ɗin da ka buɗe ba naka ba ne, ko?"

Na fara rantse-rantse.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ni ba ɗan sanda ba ne. Aiki zan ba ka."

Aikin bai yi kama da aiki ba. Ya ba ni wani ɗan fayil, ko hoton fasfo ya fi shi nauyi. Zan shiga imel ɗin wanda ya bar mini kalmar sirrinsa, in maƙala fayil ɗin, in tura wa mutanen da yake hulɗa da su, in rubuta, "Ga takardar da muka yi magana." Sannan in goge alamar na tura. Fayil ɗin a ƙunshe yake cikin wani fayil mai kulle, lambar buɗewar kuma a cikin saƙon nake rubuta ta.

Wannan ya ɗaure mini kai. Na ce, "Me ya sa za a kulle abu kuma a ajiye makullin a jikinsa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba don mutum aka kulle ba."

Sai daga baya, a kotu, na gane abin da yake nufi. Imel yana da masu gadi da ba a gani, suna leƙa duk abin da aka maƙala, idan mugun abu ne su tare shi. Abin da aka kulle kuwa ba sa iya leƙawa. Amma a ranar ban gane ba. Na tambaye shi mene ne a ciki, ya ce talla ce ta wani kamfani, ana biyan sa a kan kowane mutum da ya buɗe. Ban yarda ba, kuma ban ƙi yarda ba. Na tsaya a tsakiya, domin a tsakiyar ne ake ba ni kuɗi ba tare da na kira kaina ɓarawo ba. Ya saya mini sabuwar waya. Na yi wa Inna ɗinki, na ce mata shago ne yake ci gaba.

A cikin masu zuwa wurinmu akwai Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran babura. A Daura aka haife shi, Hausarsa ba ta da gargada ko kaɗan. Duk ɗan acaɓar garin nan ya san shi, domin yana ba su kaya su biya idan sun samu. Yana yawan tura hotunan kaya zuwa wurin dilansa a kudu, hotunan kuma kullum sai sun yi nauyi, don haka kalmar sirrinsa tana hannuna tun da daɗewa. Malam Ƙarami yake ce mini. Lokacin da Inna ta yi zazzaɓi mai tsanani, a motarsa aka kai ta asibiti.

Bala da kansa ya ambaci sunansa. Na ce, "Wannan kam a bar shi, mutumina ne."

Ya ce, "Wa ya ce shi za a taɓa? Ai ba shi za ka tura wa ba. Mutanensa za ka tura wa."

Na juya maganar a raina. Ta yi mini kama da gaskiya. Na tura.

Bayan wasu makonni Oga Emeka ya shigo shagon da hantsi, fuskarsa ba yadda na saba gani ba. Ya ja kujera ya zauna daf da ni. Ya ce dilansa ya turo masa takardar kaya kamar kullum, daga imel ɗin da suka saba, da tambarinsu da komai, sai dai an ce sun sauya asusun banki. Ya tura kuɗin kayan da zai yi kasuwar kaka da su, har da na wasu 'yan acaɓa da suka haɗa suka ba shi ya sayo musu injina. Kaya ba su zo ba. Da ya buga waya, dilan ya ce shi bai ga ko kwabo ba, kuma bai taɓa sauya asusu ba.

Ya ce, "Malam Ƙarami, duba mini. A wannan harkar kai kaɗai na yarda da kai."

Na buɗe imel ɗinsa a gabansa, ina neman ɓarawo. Ina ta kuskuren latsawa, shi kuwa ya ɗauka tausayinsa ne ya kama ni. Abin da zan gaya muku shi ne, a wannan zaman ban tabbata ni ne sanadi ba. Ni dai ɗan fayil na tura, ban rubuta takardar kaya ba, ban san wani asusu ba, ban ga kuɗinsa ba. Ta yaya abin da ya fita daga imel ɗinsa zuwa kudu zai juyo ya cinye shi a Daura? Kaina ya kasa haɗa lissafin. Amma cikina ya sani. Na yi ta hawa da sauka a allon, na ce masa ban ga komai ba. Ya yi mini godiya, ya dafa kafaɗata, ya fita.

Na kira Bala. Ya ce ba su ba ne, wasu ne daban, harkar cike take da 'yan damfara. Ya ce zai turo mini hujja in gani da idona. Can sai ga saƙonsa, da fayil a maƙale, a kulle, lambar buɗewa a ƙasa. Ni da na tura wa mutane irinsa ban san iyaka ba, na sa hannu na buɗe shi a kan babbar kwamfutar shago. Har yau ban san me nake tunani ba. Wataƙila ina tsananin son a ce mini ba ni da laifi ne. Allon ya ɗan yi ƙifta, babu abin da ya fito.

Daga ranar kwamfutar ta sauya hali. Ta yi nauyi, tana zafi ko ba a aiki. Wata rana da la'asar ni da Malam Lawal muna zaune, sai muka ga 'yar kibiyar allon tana tafiya ita kaɗai, tana buɗe abubuwa tana rufewa.

Malam Lawal ya gyara tabarau ya ce, "Kai ne kake taɓawa?"

Na ɗaga hannuwana biyu ya gani. Ya yi a'uziyya, ya ce a kashe ta ta huta. Na fita waje na kira Bala, layinsa a kashe. Ban sake jin muryarsa ba har yau.

Ranar kasuwa jami'an tsaro suka zo, cikin farin kaya. Sun kwashe kwamfutocin duka, sun sa mini ankwa, sannan suka ce Malam Lawal ma ya shiga mota, domin shagon da sunansa yake. Mutumin da ya koyar da rabin 'yan tashar karatu, ya ratsa ta gabansu a sunkuye, yana tambayata a hankali, "Ɗana, me muka yi?"

A ofishinsu aka baje mini saƙonni a kan tebur, tuli guda. Wasu na gane su, ni na tura. Wasu kuwa ban taɓa ganin su ba, da sunayen mutanen da ban sani ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, amma duk daga kwamfutar shagonmu suka fita. Jami'in ya ce, "Ware mana naka."

Na fara warewa, sai na rikice. Kalmomin iri ɗaya ne, "Ga takardar da muka yi magana." Wani saƙon in ajiye shi a dama, in sake ɗauka in mayar hagu. Ya tambaye ni cikakken sunan Bala, ban sani ba. Gidansa, ban sani ba. Garinsu, na faɗi biyu. Ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "Ko dai kai babban maƙaryaci ne, ko kuma babban wawa." Na rasa wanne zan zaɓa. Abu ɗaya na iya yi daidai a ranar, na rantse musu Malam Lawal bai san komai ba, aka sake shi bayan ya kwana a hannunsu.

A kotu wani masani ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce fayil ɗin ba takarda ba ne, manhaja ce da aka yi wa suna irin na takarda. Da akawun dilan Oga Emeka ya buɗe, sai ɓarayin suka samu hanyar shiga imel ɗin dilan, suka zauna suna karanta cinikinsa da Oga Emeka, har lokacin biya ya yi suka aiko da tasu takardar. A nan ne na fara ganin hanyar da abin ya bi, ina tsaye a akwatin masu laifi. Na amsa laifina. Alƙali ya yanke mini hukuncin ɗauri.

Kafin a fita da ni aka bar Inna ta matso. Ba ta fahimci ko kalma ɗaya daga bayanin ba. Ta ce, "Me ka ɗauka? Faɗa mini inda ka ɓoye in je in mayar musu."

Na ce, "Inna, ban ɗauki komai da hannuna ba."

Ta ce, "To don me ka ce ka yi?"

Aka ja ni.

A gidan yari ma tambayar ke nan. Kowa yana da abin da ya sata, wani waya, wani babur, wani akuya. Ni idan na fara bayani sai su gaji, suka sa mini suna Injiniya. Akwai wani da aka ɗaure kan satar shanu, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni dai na san launin saniyar da na kora, na san mai ita. Kai ko waɗanda ka cuta ba ka san yawansu ba." Maganar ta daɗe tana cina. Idan na zauna yin istigfari sai in rasa sunayen da zan ambata. Na shiga sashen kafinta don kada in haukace, na koyi yin benci da ƙofa.

Sau ɗaya Oga Emeka ya zo. Shi ya kawo Inna, domin ba ta da mai kawo ta. Ya rame, kuma na ji daga bakinta cewa ya rufe babban shagon, ya sayar da motar ya biya 'yan acaɓar nan, ya tura yaransa wurin kakarsu. A motar haya suka zo. Ya bari muka gaisa da Inna, sannan ya ce yana da tambaya ɗaya.

Ya ce, "Ranar da na zauna kusa da kai kana duba mini, ka sani?"

Na ce, "Oga, na sani, kuma ban sani ba."

Ya ce, "Wannan ba amsa ba ce."

Na sunkuyar da kai. Na ajiye duk bayanin da na tanada game da Bala da fayil da kulle a gefe. Na ce, "Na sani."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ajiye mini burodi da sabulu a wurin gandiroba, ya kama wa Inna jakarta suka tafi. Na yi ta tunanin wannan burodin. Har yanzu ban san me ya sa ya kawo shi ba.

Da wa'adina ya cika na fito, na tarar gari yana nan yadda yake, ni ne dai ba na iya haɗa ido da mutane. Shagonmu ya zama wurin sayar da taki. Na je gidan Malam Lawal, na durƙusa a zaure na nemi gafara. Ya ce ya yafe mini saboda Allah, amma ya roƙe ni kada in riƙa zuwa, domin idan ya gan ni ranar nan yake tunawa. Oga Emeka yana da ɗan tebur yanzu a bakin kasuwa, yana sayar da fulogi da tayoyin babur. Idan na wuce ina gaishe shi, yana amsawa. Da na fara samu a aikin kafinta na kai masa ɗan abin da na tara, ya karɓa. Haka nake kai masa duk lokacin da na samu. Sauran mutanen da saƙonnin suka je wa kuwa ban san su ba, ban san inda zan same su ba, sai dai in sa su a addu'a a dunƙule. Na tuba ga Allah, ina kuma fatan ya karɓa.

Ƙannena, ga abin da nake da shi. Idan takardarka ta yi nauyi ta ƙi wucewa, ba wani abin tashin hankali ba ne, a rage girmanta a gabanka ko a raba ta, kuma babu wani kuɗin nauyi. Kada ka bar wa kowa kalmar sirrinka ka tafi, ko da mai fara'a ne kamar yadda nake a da. Idan saƙo ya zo maka da abu a maƙale wanda ba ka jira, ko daga ɗan'uwanka ne, buga masa waya ka ji daga bakinsa kafin ka taɓa. Idan a kulle ya zo da lambarsa a jiki, ka bar shi a kulle. Idan aka ce maka an sauya asusu, kada ka tura komai sai ka ji muryar mai kayan.

Wannan na masu gudun a cuce su ne. Kai kuma da aka fara yi wa tayin aiki mai sauƙi, wanda ba a gaya maka abin da ke ciki ba, da kai na fi damuwa. Na daɗe ina cewa ban gane ba, kuma gaskiya ne akwai abubuwa da yawa da ban gane ba har gobe. Amma na gane isasshen da zai hana ni, na ƙi tambaya ta gaba don kada in ji amsar. Idan ka ji kanka ya ɗaure, kuma kuɗi suna shigowa, to tsaya nan, kada ka ƙara taku ɗaya. Duk abin da ba za ka iya buɗewa a gaban mutum ba, kada ka tura shi da sunansa.